Ɗaure hannun gwamnati: me waɗanda suka kafa Amurka suka nufa, kuma wa ya amfana?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake so mu tattauna a tsanake. Tsarin shugaban ƙasa da Najeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka kwaso shi, to ya kamata mu san abin da masu shi suka nufa tun farko.

Ranar 4 ga Yuli 1776 wakilan yankuna 13 da ke ƙarƙashin Ingila suka amince da takardar ayyana 'yancin kai, wadda Thomas Jefferson ya tsara yana ɗan shekara 33. Ga abin da ke cikinta a taƙaice: kowane mutum da haƙƙinsa aka halicce shi, na rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa, ba sarki ne ya ba shi ba balle ya karɓe. Gwamnati kuma an kafa ta ne don ta tsare waɗannan haƙƙoƙi, ikonta daga yardar waɗanda take mulka yake fitowa. Idan ta juya ta zama ita ce mai danne haƙƙin, jama'a na da damar su sauya ta.

Masanin falsafa John Locke ya rubuta kusan haka a Ingila wajen 1689, kuma sun karanta shi. Sai dai abin da suka gani da idonsu ya fi littafi tasiri. Da yaƙin Ingila da Faransa ya ƙare a 1763, bashi ya yi wa baitulmalin Landan katutu, sai majalisar can ta ɗora musu harajin hatimi a 1765, a kan jarida da takardun kotu da na ciniki, alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Jami'an kwastan kuma suna yawo da takardar izini ta gama-gari, wadda ba ta ambaci gida ba, ba ta ambaci kaya ba, duk shagon da suka ga dama su kutsa su yi bincike.

Ni a ganina babban abin da suka bari shi ne sun ƙi dogara da kirkin shugaba. Sun ɗauka cewa ko wa ya hau, mulki zai ja shi, shi ya sa suka ɗaure hannun kujerar kanta. Me kuke gani?

Barista:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda nake so. Bari in ƙara da yadda suka yi ɗaurin, don a nan gwanintar take. Kundin tsarin mulkin da suka rubuta a Filadelfiya a 1787 lissafa wa majalisar tarayya aikinta ya yi ɗaya bayan ɗaya: karɓar haraji, cin bashi, buga kuɗi, kafa gidan waya, tsara ciniki tsakanin jihohi da ƙasashen waje, ayyana yaƙi, tara sojoji, da makamantansu. Abin da ba a ba ta ba, gyara na 10 da aka yi wa kundin daga baya ya ce na jihohi ne ko na jama'a.

Ikon da aka ba tarayyar ma sai aka raba shi uku. Majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa na iya ƙin sa hannu, majalisa na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku. Shugaba ne babban kwamandan askarawa, amma lalitar tana hannun majalisa, har kundin ya hana a ware wa sojan ƙasa kuɗi na fiye da shekara 2 a karo ɗaya. Shugaba ya zaɓi alƙali, sai majalisar dattawa ta tabbatar da shi, in ya hau kuma ba mai rage masa albashi.

James Madison ya faɗi dalili a ɗaya daga cikin maƙalu 85 da shi da Alexander Hamilton da John Jay suka rubuta don shawo kan mutanen New York. Ya ce da mutane mala'iku ne, da ba a buƙatar gwamnati, da kuma mala'iku ne ke mulki, da ba a buƙatar taka musu birki. Tunda ba haka ba ne, sai a sa kwaɗayin wannan ya tare kwaɗayin wancan.

Ɗalibar Shari'a:
Ina gaishe da iyayena. Barista, ranka ya daɗe, duk wannan mun yi shi a aji, amma ni abin yana tsaya mini a rai. Mutumin da ya rubuta cewa an halicci mutane daidai wa daida ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Madison na da bayi, George Washington na da bayi. Ƙidayar 1790 ta nuna mutum kusan miliyan 4 a ƙasar, kusan 700,000 daga ciki bayi ne.

Kuma kundin da ake yabo kare iyayen gijinsu ya yi. Ya hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808. Ya ce bawan da ya tsere zuwa wata jiha a mayar da shi. Ya ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, wato masu bayi suka samu ƙarin kujeru da kawunan mutanen da ba su da ƙuri'a. To 'yancin wa ake magana?

Alhaji na Bronx:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Tambayar da baƙaƙen fatar da muke zaune da su a nan suke yi kenan har gobe. Akwai wani malami daga Futa Toro ta ƙasar Senegal, Umar ɗan Sa'idu, da aka kama aka sayar a Charleston a 1807. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, da Suratul Mulk ya buɗe, kuma har Allah ya karɓi ransa bai fita daga bauta ba. Mutum ne mai karatu irin malamanmu na zaure. Gyare-gyare goma na kare haƙƙi suna nan a rubuce tun 1791, ba su tsinana masa komai ba.

Amma zan faɗi ɗaya ɓangaren. Masallatan da muke salla a cikinsu a nan, hukuma ba ta da hurumin rufe su don addininmu ba na masu rinjaye ba ne, gyara na 1 ne ya tsare mu. Jefferson ɗin nan shi ya tsara dokar 'yancin addini ta Birjiniya da aka zartar a 1786, daga baya kuma ya rubuta cewa an so ta haɗa har da Bayahude da Musulmi da mabiyin addinin Hindu. Mutum ɗaya ne ya yi wannan ya yi wancan. Ina cin moriyar ɗaya, ban kuma yafe masa ɗayan ba.

Baban Hanifa:
Ɗaliba, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, ba zan goge ko ɗaya ba. Amma ki dubi abin da su bayin suka yi da maganar. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya yi jawabi a Rochester ranar 5 ga Yuli 1852, ya tambayi turawa mene ne ma'anar bikin 'yancinsu ga bawa. Ya wanke su tas. Duk da haka a cikin jawabin nan bai ce a yaga takardun ba, cewa ya yi ƙa'idojin da ke ciki na gaskiya ne, masu riƙe da su ne suka ci amana. Martin Luther King ma a 1963 bashi ya kira alƙawarin 1776, ya ce sun zo karɓa. Maganar ta fi ƙarfin masu ita, har ta zama makami a hannun waɗanda aka ware.

Ɗalibar Shari'a:
Na ji, Malam. Amma wannan ya kare maganar 'yanci ne, bai kare taƙaita gwamnati ba. Biyun ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa a tarihin Amurka karo suka yi.

A 1833 kotun ƙoli ta yanke cewa gyare-gyaren nan goma gwamnatin tarayya kawai suka ɗaure, ba su shafi jihohi ba. To wa yake danne baƙar fata a kullum? Jiharsa da ubangidansa. A 1857, a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya kai ƙara yana neman 'yancinsa, kotu ta kafa hujja da gyara na 5, mai kare dukiyar mutum daga hukuma, ta ce majalisa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna, don bawa dukiya ne. Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum sama da 600,000 suka mutu, sannan gyara na 13 ya soke bauta, na 14 kuma a 1868 ya ɗaure jihohi. Ko bayan nan, a 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarun jiha suka tare yara tara baƙaƙe a ƙofar makarantar sakandare a Little Rock. Shugaba Eisenhower ne ya aiko sojojin tarayya suka raka su aji. Ƙarfin gwamnati ne ya buɗe wa yaran nan ƙofa.

Barista:
Ƙanwata, Allah ya ƙara basira, irin wannan hujja ake so a gaban alƙali. Amma ki ƙara duba Little Rock ɗin. Faubus shi ma gwamnati ne, gwamnatin da ta ƙi tsayawa a iyakarta bayan kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantu a 1954. Abin da ya faru shi ne wani iko ya tare wani iko, wanda shi ne ainihin abin da Madison ya tsara.

Sannan masu bayi ba su taɓa son ƙaramar gwamnati tsakani da Allah ba. Dokar kamo bayi ta 1850 ta ba jami'an tarayya ikon shiga jihohin da suka soke bauta su kama mutum, ta hana wanda aka kama ba da shaida a kan kansa, ta hana masa masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, ta kuma sa tara da ɗauri a kan duk wanda ya ɓoye shi. Har ladan jami'in da ke sauraron ƙarar an bambanta: dala 10 in ya miƙa mutum ga mai neman sa, dala 5 in ya sake shi. Masu ihun 'yancin jihohi ne suka matsa aka yi wannan doka. Abin da ake nufi da gwamnati mai iyaka shi ne kowace hukuma, babba da ƙarama, akwai layin da ba ta ƙetarewa a kan mutum. Laifin 1787 shi ne an ja layin aka bar wasu mutane a waje.

Ɗan Ƙauye:
Salamu alaikum manya. Ni karatuna bai kai naku ba, amma ina bin ku tun ɗazu. Ku yi haƙuri, wannan magana ta mutanen birni ce. Mu a wajenmu ba yawan gwamnati ne ya dame mu ba, rashinta ne. Mutum ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga kuɗin noma, in amfani ya nuna ya sake biyan na girbi. Wannan ma ai haraji ne ba tare da wakilci ba, kuma ba kotun da za ka kai ƙara. Shingen da ya hana mai gadi shiga gona bai hana ɓarawo ba. In kun ɗaure hannun hukuma, wa zai ɗaure na mai bindiga?

Maman Khalil:
Wallahi maganar Ɗan Ƙauye ta taɓa ni. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Baban Hanifa:
Amin, Hajiya. Ɗan'uwa, maganarka ba ta kauce ba ko kaɗan, su ma sun ɗanɗana irin ta. Mutane da yawa ba su san cewa kundin 1787 shi ne na biyu ba. Na farko, wanda ya fara aiki a 1781, tsoron sarki ya sa suka yi shi ba ƙarfi sam: ba shugaban ƙasa, ba kotunan tarayya na sosai, majalisa ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi, su kuma su ba da abin da suka ga dama. Sojojin da suka yi yaƙin 'yanci suka rasa haƙƙinsu. A 1786 manoman yammacin Massachusetts da bashi da haraji suka ci ƙarfinsu suka ɗauki makamai, har da wani tsohon soja Daniel Shays a gaba, suka rufe kotuna. Gwamnatin tarayya ba ta da kuɗin tara dakaru, sai attajiran Boston ne suka yi karo-karo aka ɗauki mayaƙa.

Wannan na cikin abin da ya kai su Filadelfiya. Don su ƙara wa gwamnati ƙarfi suka je, amma ƙarfi a kan aikin da aka ƙayyade mata. Madison da kansa ya ce wahalar biyu ce: da farko ka ba gwamnati ikon sarrafa waɗanda take mulka, sannan ka tilasta mata ta sarrafa kanta. Tsare rai da dukiya shi ne farkon dalilin kafa ta. Hukumar da ta kasa wannan amma ta iya kama mai rubutu a Facebook, ta bar aikinta ta shiga wanda ba nata ba.

Ɗan Ƙauye:
To in haka ne ban ƙi ba. Amma a riƙa faɗa da wannan ɓangaren, don in aka ce a rage gwamnati, mu abin da muke ji shi ne za a ƙara barin mu.

Malam Na'ibi:
Bismillah. Cewa shugaba yana da iyaka ba baƙon abu ba ne gare mu. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ranar da aka yi masa mubaya'a cewa ya yi: an ɗora ni a kanku ba don na fi ku ba, in na kyautata ku taimake ni, in na munana ku daidaita ni, ku yi mini biyayya muddin ina biyayya ga Allah da Manzonsa, in na saɓa babu biyayyata a kanku. Shehu Usmanu ma cikin abin da ya soki sarakunan zamaninsa da shi akwai ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sa ba, da ƙwace dukiyar mutane.

Inda nake tsayawa shi ne 'yancin mutum shi kaɗai. Mu mutum ba shi kaɗai yake ba, yana da iyaye, yana da maƙwabta, yana da Ubangiji. In aka ce kowa ya yi abin da ransa ke so muddin bai taɓa wani ba, wa zai riƙe tarbiyya? Ku duba inda abin ya kai su yau.

Alhaji na Bronx:
Allah ya gafarta Malam, damuwarka ita ce tamu mu masu renon yara a nan, ba na musu. Amma su ma na farkon ba su ce kowa ya yi abin da ya ga dama ba. John Adams, shugabansu na biyu, ya rubuta a 1798 cewa kundinsu an yi shi ne don mutane masu ɗa'a da addini, ba zai iya da waɗanda ba haka suke ba. Abin da suka ce shi ne tarbiyya aikin gida ne da majami'a da unguwa, kada a miƙa ta ga mai riƙe da kurkuku. Sun taso sun ga yadda ake ɗaure masu wa'azin ɗarikar Baptist a Birjiniya don sun yi wa'azi ba da lasisin hukuma ba. Malam, ka tuna hukumar da ka ba ikon tsara addini yau, gobe wanda ba ya ra'ayinka zai iya gadon ta, da duk ikon da ka ba ta.

Malam Na'ibi:
Wannan haɗari ne na gaske, Alhaji, tarihinmu ma ya shaida, malamai nawa sarakuna suka ɗaure. Amma ban yarda hukuma ta zare hannunta gaba ɗaya daga abin da ya shafi ɗa'ar jama'a ba. A nan mun rabu, kuma ba laifi.

Maman Khalil:
Ni tambayata ɗaya. Mata fa? Na san matar John Adams ɗin, Abigail, ta rubuta masa wasiƙa a watan Maris 1776 ta ce su tuna da mata a sababbin dokokinsu, kada su bar iko marar iyaka a hannun mazaje. Sai 1920 kundin ya tabbatar wa mata ƙuri'a a duk ƙasar. Shekara 144 kenan. Ina tare da ɗaliba, an daɗe ana cin wannan 'yanci ba da kowa ba.

Barista:
Haka ne, Hajiya. Kuma akwai abin da ya fi wannan nuna cewa takarda ita kaɗai ba ta tsare kowa, ko da namiji ne bature mai kujera a majalisa.

Tun farko ma kundin 1787 ya fito ba jerin haƙƙoƙi a ciki. George Mason na Birjiniya ya ƙi sa hannu, wannan na cikin dalilansa. Hamilton kuma ya ce jerin ba shi da amfani, har ma haɗari ne, don in ka lissafa goma, wani zai ce na sha ɗaya ba haƙƙi ba ne. Sai da jihohi suka matsa, Madison ya gabatar da gyare-gyaren a 1789, aka tabbatar da goma a watan Disamba 1791, kuma na 9 ya amsa tsoron Hamilton, ya ce lissafa wasu haƙƙoƙi ba ya soke waɗanda ba a lissafa ba.

To ku ji. Gyara na 1 ya ce majalisa ba za ta yi dokar da za ta tauye 'yancin magana ko na jarida ba. Shekara 7 kacal bayan haka, a 1798, ana zaman ɗar-ɗar da Faransa, majalisa ta yi dokar hana tunzura jama'a, John Adams ya sa hannu. Ta mai da buga maganar ƙarya ko ɓatanci a kan gwamnati da majalisa da shugaban ƙasa laifi, kuma editocin jam'iyyar adawa aka bi da ita. Matthew Lyon, ɗan majalisar wakilai daga Vermont, ya soki Adams a rubuce, aka ɗaure shi wata 4 da tarar dala 1,000. Waɗanda suka yi gwagwarmayar 'yanci da kansu suka yi wannan, ba jikokinsu ba.

Kuma ba kotu ce ta ceci lamarin ba, alƙalan tarayya ne ma suka riƙa yanke hukuncin. Mutanen Vermont ne suka sake zaɓen Lyon yana cikin kurkuku. Jefferson da Madison suka rubuta wa majalisun Kentucky da Birjiniya ƙudurorin da suka ce dokar ta saɓa wa kundi. A zaɓen 1800 jama'a suka kayar da Adams, ya sauka, dokar ta ƙare wa'adinta a watan Maris 1801, Jefferson ya yi wa waɗanda aka hukunta afuwa.

Ɗalibar Shari'a:
To ai kun dawo kan maganata. In jama'a ba sa son wanda aka zalunta, ba mai cetonsa. A 1832 kotun ƙoli ta ce dokokin jihar Jojiya ba su da hurumi a ƙasar ƙabilar Cherokee, mutanen da ke wurin tun kafin zuwan turawa. Shugaba Andrew Jackson bai tsaya wa hukuncin ba, a 1838 aka kore su da ƙarfin soja zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. A 1942 aka kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu 'yan ƙasa, aka tsare a sansanoni, kotun ƙoli kuma ta amince da korar a 1944. Lyon ya tsira ne don yana da masu zaɓe.

Baban Hanifa:
Wannan ita ce suka mafi nauyi da aka yi yau, kuma ba ni da amsar da za ta share ta. Madison da kansa bai yarda rubutu a takarda zai tare masu rinjaye ba, ya faɗa wa Jefferson haka a wasiƙa a 1788. Abin da zan ce shi ne ki auna da inda babu ɗaurin sam. A 1952 Shugaba Truman ya ƙwace masana'antun ƙarfe da hujjar yaƙin Koriya, kotun ƙoli ta ce ba shi da wannan iko, ya mayar. A 1974 kotu ta umarci Shugaba Nixon ya miƙa kaset-kaset ɗin ofishinsa, uku daga cikin alƙalan da suka yanke hukuncin shi ya naɗa su, ya miƙa, cikin 'yan makonni ya sauka. 'Yan asalin Japan ɗin ma a 1988 gwamnati ta nemi gafararsu a hukumance, ta kuma amince da biyan kowane mai rai dala 20,000. Ya zo a makare, kuma bai dawo da gonakin da suka rasa ba. Amma hanyar neman haƙƙin tana nan, an kuma bi ta.

Mai Shago:
Ni dai ina ta karatu. Barista, don Allah a sauƙaƙe: tunda an ce daga can muka kwaso namu, me ya sa a nan komai sai an jira Abuja?

Barista:
Alhaji, siffar muka ɗauko: shugaba mai cikakken iko, majalisu biyu, kotun ƙoli. Janar Murtala ne ya kafa kwamitin tsara kundin a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, kundin ya fara aiki a 1979, na 1999 kuma a kansa aka ɗora. Amma tarihin ya bambanta. Can jihohi ne suka riga tarayya, suka yanka mata wani abu daga ikonsu. Nan sojoji ne suka riƙa yanka jihohi daga sama. Shi ya sa kundin 1999 ya fito da abubuwa 68 da tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, sashe na 214 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, dokar filaye ta 1978 kuma, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, aka cusa ta cikin kundin yadda ba a taɓa ta sai da gyaran kundi.

Amma babi na 4, mai kare haƙƙoƙin ɗan Adam, yana nan, kuma ana cin shari'a da shi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Mutane nawa ne a zauren nan suka san wannan?

Ɗan Ƙauye:
Ni yau na fara ji. To shi tsaron da muke kuka a kai, ba a rubuta shi ba?

Barista:
An rubuta. Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin gwamnati. Sai dai yana cikin babi na 2, kuma sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kan ko an cika abin da ke wannan babi.

Ɗalibar Shari'a:
Wannan shi ne abin da nake so in yi aikin kammala karatuna a kai. Barista, in aka so a cire wannan hanin, me ake buƙata?

Barista:
Gyaran kundi a ƙarƙashin sashe na 9: kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar dattawa da na wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Ana yi, don a 2023 ta wannan hanya aka ba jihohi dama a harkar jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, aka kuma faɗaɗa musu ta wutar lantarki. Ki fara da karanta yadda Indiya ta yi da nata babin mai kama da wannan, don kotunsu ta shigar da abubuwa da yawa daga cikinsa ta ƙofar haƙƙin rayuwa. Ki turo mini tsarin babukanki in duba kafin ki kai wa malaminki.